Karen Bana Shi Ke Maganin Zomon Bana: Tarihin Karen Farauta a Ƙauyen Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya saurari yadda Bahaushe yake ambaton kare a maganarsa ta yau da kullum zai ɗauka babu dabbar da ya raina kamarsa. In ya tashi zagi ya ce “ɗan kare”. In mutum ya zama ɗan koren wani azzalumi sai a ce ya zama karen farautarsa. In kuwa wani yana abin da ya ga dama ba mai tsawata masa, sai a ce yana cin karensa babu babbaka. Amma wanda ya zauna a ƙauye, ya ga yadda mafarauci yake raba ƙanzon tuwonsa da karensa, ya rataya masa laya a wuya, har ya yarda a fasa masa kai a daji saboda abin da karen ya kama, ya san lalle akwai wata magana a ƙarƙashin wannan raini.

A cikin wannan ɗan rubutu ina so in bi tarihin karen farauta a ƙauyukan ƙasar Hausa, tun daga zamanin maguzanci har zuwa yau. Abin da nake son mai karatu ya lura da shi shi ne, darajar wannan kare a jikin daji take rataye. Lokacin da kowane ƙauye yake da dajinsa, kare ma'aikaci ne mai suna, mai rabo, wanda shari'a da al'ada suka san da zamansa. Da daji ya ƙare sai aikinsa ya ƙare, shi da ubangijinsa kuma suka shiga wani hali.

Kafin Zuwan Musulunci

Zaman mutum da kare a wannan nahiya tsoho ne ƙwarai. A duwatsun Tasili da ke kudancin Aljeriya akwai zane-zanen mutanen dā waɗanda suke nuna mafarauta tare da karnukansu suna bin namun daji, tun lokacin da Sahara take da ciyawa da ruwa. Har yanzu kuwa a kwarin Azawak, watau ƙasar da ta haɗa yammacin Nijar da gabashin Mali, Buzaye suna kiwon wani irin kare siriri mai dogayen ƙafafu da tsukakken ciki, wanda yake iya kamo barewa da gudu. Hausawan Adar maƙwabtan waɗannan mutane ne, kasuwa ɗaya suke ci.

In muka dawo cikin ƙasar Hausa sosai, za mu ga labarun kafuwar garuruwa cike suke da mafarauta. Littafin tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, aka kuma sa ta Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya siffanta Barbushe da cewa ƙaton mafarauci ne mai kashe giwa da sanda. Mutanen Haɗeja suna danganta sunan garinsu da wani maharbi Haɗe da matarsa Jiya. Bauci, wadda Sarki Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19, an ce daga sunan wani maharbi Baushe ta samo sunanta. Ko da wani zai ce waɗannan labarai ne na baka, yawansu kaɗai ya isa ya nuna mana cewa mutumin daji shi ke fara sanin inda ruwa yake da inda ƙasa take da albarka, sa'an nan manomi ya biyo sawunsa.

Wannan littafi na tarihin Kano ya kuma ambaci baƙin kare a cikin dabbobin da ake kai wa Tsumburbura, tare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Ashe ke nan a wancan zamani kare abu ne mai daraja da har za a iya miƙa shi ga abin bauta. Akwai ragowar irin wannan tsohuwar al'ada a bikin buɗin daji da Arna suke yi, kamar a Masalata kusa da Birnin Ƙonni, inda ake buɗe daji da tsafe-tsafe a duba yadda shekara za ta kasance. Ma'anar bikin ita ce daji yana da masu shi, ba a faɗa masa da farauta sai an nemi izini.

Abin da Shari'a Ta Ce

Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun kawo Musulunci birnin a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Mutane da yawa suna zaton tun daga nan aka haramta kare gaba ɗaya, alhali kuwa abin da addini ya yi shi ne ya yanka masa iyaka. Hadisi ya nuna wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ba, ladansa yana raguwa kullum. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuma ta halatta cin abin da dabbar da aka horar ta kamo wa mai ita. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasarmu, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne na ibada.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 996, wanda kusan kowane ɗalibin zaure ya karanta, ya yi bayanin farauta a cikin babin yanka. Sharuɗɗan da malaman Malikiyya suka kafa su ne, kare ya zama horarre, watau in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Mai shi ne zai sake shi da niyya, ya yi bisimilla. Kuma karen ya ji wa dabbar rauni. In ta mutu kafin a iso ta halatta, in kuwa an same ta da sauran rai tilas a yanka. Dabbar da aka buge da kulki ta mutu ba yanka, mushe ce. Wannan shi ya sa ba ka ganin mafarauci ba wuƙa a ƙugunsa, kuma shi ya sa da kare ya kayar da nama za ka ga mai shi ya sheƙa a guje. Har ila yau Risala ta ce wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa sai ya biya ƙimarsa, ko da yake malamai sun saɓa game da sayar da shi.

To, a nan ne aka sami abin da muka gani a gabatarwa. Malamin birni da attajiri ba su da bukatar kare, saboda haka suka riƙe ɓangaren hani. Talakan ƙauye kuwa, wanda kura take ɗauke masa akuya da dare, birai da gyado suke ɓata masa gona da rana, ya riƙe ɓangaren izini. Kowannensu yana da hujjarsa a littafi ɗaya.

Maharbi da Mafarauci

Ya kamata a bambance mutum biyu waɗanda 'yan birni sukan haɗa su. Maharbi shi ne mai kwari da baka, wanda yake shafa wa kibiyarsa dafin ƙwanƙwani, daga baya kuma ya koma ga bindiga. Yawanci gadon sana'ar yake yi, shi kaɗai yake shiga daji ko su biyu, yana sanɗa yana kwanto, shugabansu kuwa shi ne Sarkin Baka. Irin wannan mutum hayaniyar karnuka ɓata masa aiki take yi. Mafarauci kuwa, ko ɗan farauta, manomi ne da damina. Sai an kawar da amfanin gona, an ƙone daji, ciyawa ta kwanta, sa'an nan ya ɗauki gora da ƙere da barandami ya kira karnukansa. Farautarsa ta taro ce, da kiɗa da kirari, mai jagorantar ta kuma a wurare da dama ana ce masa Sarkin Dawa. Tun da ba shi da makamin da zai cim ma zomo ko gada daga nesa, ƙafar karensa ita ce kibiyarsa.

Kiwon Kare a Gida

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da zai yi aiki da rani tun yana kwikwiyo ake shirya shi. A ƙauyenmu ba a cinikin kwikwiyo kamar yadda ake cinikin ɗan akuya. In karyar wani ta yi suna wajen kamu, tun tana da ciki abokai suke kama 'ya'yan, in an yaye a ba mutum, shi kuma ya ba da ɗan tukuici. Masana abin suna duba faɗin ƙirji da tsawon ƙafa da ƙarfin muƙamuƙi, suna kuma tambayar uwa da uba, don sun san gudu da naci gado ne. Wasu sukan yanke wa kwikwiyo kunne don kada ƙaya ko abokin faɗa su sami abin kamawa.

Abincinsa abincin gida ne: ƙanzo, da ragowar tuwon jiya, da kunun dusa, da ƙasari, wani lokaci da ɗan nono in Fulani suna kusa. Yana da kaskonsa dabam wanda ba a haɗa shi da kwanukan mutane. Ba ya shiga ɗaki, makwancinsa ƙofar gida ko gindin rumbu ko kusa da turken awaki. Ko da yake kare na maigida ne, wahalar ciyar da shi a kan matan gida take, cire masa kaska kuma aikin yara ne. In gobe za a fita, ba a cika masa ciki, don ƙosasshen kare ba ya gudu.

Horonsa kuwa a bayan gari ake fara shi. Yara su tafi da shi haƙar gafiya da ɓurgu da korar kurege, a nan zai koyi bin sawu da jin kiran mai shi da fito. Daga nan a haɗa shi da tsohon kare ya riƙa bin sa. Babban abin da ake koya masa shi ne ya kama ya riƙe, kada ya gudu da nama cikin ƙaya ya cinye. Ladansa kayan ciki ne, ana ba shi nan take tun da ɗuminsu don ya san abin da ya yi ya yi kyau.

Sunayen karnuka su ma wani fage ne na nazarin harshe. Akwai na launi, kamar Duna ga baƙin kare. Akwai na fata, kamar Zaki ko Damisa ko Guguwa. Akwai kuma na habaici, inda mutum zai sa wa karensa suna irin su Bar-su ko Kun-gani, ya riƙa ƙwala masa kira a ƙofar gida maƙwabcin da ake yi dominsa yana ji, ba shi da ta cewa.

Ranar Farauta

Farauta iri biyu ce, ta wuni da ta kwana. Ta wuni samarin ƙauye ɗaya ko biyu ne suke fita da safe su dawo da la'asar. Ta kwana kuwa gayya ce. Ranar kasuwa makaɗi zai zaga yana shela, a faɗi dajin da za a shiga da ranar haɗuwa, labari ya bazu ƙauye-ƙauye. Ranar da aka sa, kowace ƙungiya ta iso da makaɗinta da karnukanta a ɗaure da igiya, maza sun sha warki da guraye da kambuna. Makaɗi ya kama taken mutum, shi kuma ya zabura ya yi kirari, ya faɗi dazuzzukan da ya shiga da mazan da ya kara da su, sau da yawa har da sunan karensa a ciki.

In an shiga daji sai a yi sahu mai faɗi ana tafe ana bugun kurmi. Da zomo ko gada ko dila ya tashi sai ihu ya kaure, a saki karnuka. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce nama na wanda karensa ya fara kamawa ne, ko wanda ya fara jifa ya samu. Sai dai sanin ƙa'ida dabam, bin ta dabam. In karnuka uku suka taru a kan gada ɗaya, kowa ya ce nasa ne ya riga, sai ƙarfi ya yi aiki. A nan 'yan tauri suke nuna kansu, a yi kare jini biri jini a kan naman da bai kai kuɗin maganin raunin da za a ji ba. Wannan ya nuna abin da ake nema a farautar taro ya wuce nama, suna ake nema, da a koma gida 'yan mata su ji labari. Dattawa da Sarkin Dawa su ke raba irin wannan rigima. In an kashe babban nama akan fitar da karfata a kai wa mai gari, makaɗi ma yana da rabonsa.

Duk da wannan faɗa, amfanin abin ga ƙauye ba kaɗan ba ne. Gidan da ba a yanka dabba sai da Sallah ko suna yana samun romo da rani. Majema da dukawa suna samun fatu, masu magani suna samun sassan da suke nema. Ana rage dabbobin da suke ɓarna a gona kafin shuka. Bugu da ƙari, samarin ƙauyuka suna sanin juna, suna sanin kowane rafi da kowane tsauni na ƙasarsu.

Yadda Daji Ya Ƙare

A ƙarni na 19 akwai manyan dazuzzuka tsakanin masarautu, waɗanda yaƙe-yaƙe suka hana mutane zama cikinsu. Dajin Gundumi, wanda Clapperton ya ratsa a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, Barth kuma ya bi ta cikinsa a 1853, ayari ma shakkarsa yake yi saboda ƙishirwa da mahara. Irin waɗannan wurare su ne rumbun namun daji, daga cikinsu suke yaɗuwa zuwa ƙananan dazuzzukan ƙauyuka.

Annobar shanu da ta iso wajen 1891, wadda Fulani suke kira Sannu, ta kashe ɓauna da wasu manyan namun daji tare da shanun. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903 hare-hare suka tsaya, mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa suka bazu suna saran daji. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ga kuma haraji da za a biya da kuɗi, saboda haka kowa ya ƙara gona. Dokar kare namun daji ta 1916, da ta Jihar Arewa ta 1963 wadda ta kasa dabbobi aji-aji ta kuma sa neman lasisi, sun mai da wani sashe na farautar gargajiya laifi. Sauran manyan dazuzzuka kuma aka shata su suka zama na hukuma, kamar Yankari da aka keɓe a 1956. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun busar da tafkuna da itatuwa. Madatsun ruwa irin su Tiga, wadda aka gama a 1974, sun mai da fadamu da kurmi gonakin rani. A kan duk wannan ga yawan jama'a: ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum wajen miliyan 55, ta 2006 kuwa miliyan 140. Ba za mu wanke mafarauta su ma ba, don ƙonen daji da yawan bindigogi da kashe dabba mai ciki sun taimaka wajen ƙarar da abin da suke nema.

Halin da Ake Ciki

Yau a yawancin ƙauyukan da ke kewaye da Kano ko Katsina gona tana haɗe da gona, abin da kare zai kora bai wuce zomo da gafiya ba. Dazuzzukan da suka rage, irin su Rugu da Kamuku da Sambisa, tun shekarun 2010 'yan bindiga suka mamaye su. Wannan ya haifar da abubuwa uku.

Na farko, mafarauta sun koma tafiya mai nisa a cikin motoci, har kudancin ƙasa, inda ba a san su ba, ba a kuma san al'adarsu ba. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Jihar Kano a garin Uromi na Jihar Edo. Suna kan hanyarsu ce ta komawa gida yin Sallah daga Jihar Ribas, 'yan sintiri suka ga bindigogin farauta a motar da suke ciki, aka zarge su da satar mutane, taron jama'a ya far musu. Wasunsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne, wadda take cikin yankin noman rani da ruwan Tiga yake shayarwa.

Na biyu, kiɗa da kirari da makamai sun shigo birni ba tare da dattawan da suke tsawatarwa ba, har masu nazari suna danganta asalin daba da ƙungiyoyin farauta. Amma kada mu manta, a cikin waɗannan mutane ne aka sami waɗanda suka taimaki sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a watan Nuwamba na 2014. Sanin daji ƙarfi ne, ya danganta ga inda aka fuskantar da shi.

Na uku, kare da ba shi da aiki ba shi da mai kula da shi. Wasu suna ƙarewa a hannun fatake masu kai su kasuwar Dawaki ta Jihar Filato, inda ake sayen karnuka don ci. Wasu kuma suna gararamba a juji, su ne matattarar ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura ciwon yana yankewa, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kuwa, wadda take can tun 1924, tana yin wannan allura. A ganina babu wanda ya fi Sarkin Dawa iya tara karnukan ƙauye a rana ɗaya, in da ma'aikatan dabbobi za su bi ta hannunsa.

Kammalawa

Mun ga yadda kare ya tashi daga abin yanka ga Tsumburbura ya zama ma'aikacin da shari'a ta yi wa iyaka, muka kuma ga yadda ƙarewar daji ta raba shi da aikinsa. Ba na kira a koma kashe 'yan namun da suka rage, don dajin da ba dabba ba shi da amfani ga kowa, har da mafaraucin. Abin da nake gani shi ne a bar wa ƙauyuka ɗan dajin da za su tsare da kansu, a sa shugabannin farauta cikin tsaronsa, su da suka san lokacin da dabba take haihuwa.

Mu kuwa ɗaliban Hausa akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Karen Azawak da aka fara kai wa Turai a farkon shekarun 1970 yanzu yana da littafin asali a can, har ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta karɓe shi a 2019. Namu na gida kuwa, sunayensa da kirarinsa da ƙa'idojin rabon namansa suna cikin kawunan tsofaffi waɗanda kullum raguwa suke yi. Ina roƙon 'yan'uwana, duk wanda ya je hutu ya nemi tsohon mafaraucin garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, “Baba, a ba ni labarin karnukan da aka yi a gidan nan,” ya rubuta abin da ya ji ya kawo wa wannan mujalla. Magabata sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Su sun yi nasu da gora da ƙere, mu namu da alƙalami ne. Allah ya sa mu dace, amin.